Darasi: Ziyarar Bakin Teku A Ƙauyen Eboje

Jama'a, yawancinmu mun san kogi da tafki da kududdufi, amma ba mu taɓa ganin teku ba. Ga shi kuwa teku ya rufe wajen kashi 71 cikin 100 na duniya. Fatauci da neman abinci suna kai 'yan'uwanmu garuruwan bakin teku, wasu kuma sukan faɗa ruwan ba su san halinsa ba. Saboda haka darasin wannan wata zai kai mu wani bakin teku da ke nesa da birni, mu ga abin da ke can, da yadda baƙo zai tsare ransa.

Ina Ne Eboje?

Eboje ƙauyen masunta ne a kudancin Kamaru, a gaɓar Tekun Atlantika. Yana wajen kilomita 50 kudu da garin Kiribi, a kan hanyar Kampo, garin da ke bakin iyaka da ƙasar Ikwatoriyal Gini. Wanda ya taso daga arewacin Kamaru yakan hau jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde, sannan ya shiga mota zuwa Kiribi. Kafin ya kai Eboje zai wuce kogin Lobe, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku.

Mutanen ƙauyen ƙabilar Iyasa ne, kamun kifi ne sana'arsu. Bayan gari kurmi ne, gabansa kuwa yashi da itatuwan kwakwa. A irin wannan wuri kada baƙo ya sa ran samun babban asibiti kusa, ko ma'aikacin da zai cece shi idan ruwa ya ja shi.

Teku Ba Kogi Ba Ne

Abu na farko, ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini da kwana. Yakan yi wajen awa shida yana tahowa, ya yi wajen awa shida yana komawa. Wata ne ke jan sa. Cikar takan fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Wanda ya hau dutse da hantsi ƙafarsa a bushe, yana iya waiwayowa da azahar ya ga ruwa ya kewaye shi.

Abu na biyu shi ne ya fi cin rayuka. Ruwan da igiya ta turo gaɓa yakan taru ya koma ciki ta wata siririyar hanya da gudu, kamar rafi a cikin teku. Sau da yawa wurin yakan yi lif, babu kumfa, sai baƙo ya ɗauka nan ne wurin wanka. Ko gwanin iyo ba ya iya ja da wannan ruwa. Idan ya ɗauke ka, kada ka yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, don gajiya ce ke nutsar da mutum. Ka kwantar da hankalinka, ka yi iyo gefe, wato ka bi tsawon gaɓa, har ka fita daga hanyar ruwan. Ka ɗaga hannu ka nemi agaji. Wanda bai iya iyo ba kada ya bari ruwa ya wuce gwiwarsa.

Abu na uku, ba a shan ruwan teku. A kowace lita akwai gishiri wajen giram 35. Shan sa ƙara ƙishirwa yake yi, domin sai jiki ya ɓarnatar da ruwansa kafin ya fitar da gishirin.

Kunkurun Teku

Eboje ya yi suna saboda kunkurun teku. Macen takan fito da dare, ta haƙa rami a yashi, ta saka ƙwai kusan 100, ta binne ta koma. Bayan wajen wata biyu sai 'ya'yan su ƙyanƙyashe su nufi ruwa. Hasken tocila ko wuta yana ruɗa su, su nufi tudu su hallaka. Mutanen ƙauyen suna aikin tsare su, don haka baƙo kada ya tone ƙwai, kada ya yar da leda, gama kunkuru yakan haɗiye ta yana tsammanin abinci ce.

Guzurin Matafiyi

A tafi da ruwan sha, da gidan sauro, da malafa, da 'yan magunguna. In an isa a fara gai da mai gari, a tambayi masunta inda ake shiga da inda ba a shiga. Kada a shiga ruwa da dare ko mutum shi kaɗai, kada kuma a kwanta gindin kwakwa mai 'ya'ya. Matambayi dai ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa ƙauyen Eboje yake?
2. Sau nawa ruwan teku ke cika a yini da kwana?
3. Me za ka yi idan ruwa ya ja ka ciki?
4. Don me ba a haska wa 'ya'yan kunkuru tocila?