DARASI: GONAR SUFAYE DA RUWAN INABIN BAGADE

'Yan'uwa cikin Kristi, mu a Kurugu da kewayen Ƙaraye da Rogo manoman dawa da masara ne. Amma kowace Lahadi mukan ga Fada ya ɗaga ƙoƙon ruwan inabi a bagade. Dokar Ikilisiya ta 1983, sashe na 924, ta ce dole ne ruwan ya fito daga 'ya'yan inabi zalla, bai lalace ba. Don haka burkutu ko ruwan zaƙin kwalba ba su maye gurbinsa.

Wannan bukata ta daɗe, tana kuma cikin dalilan da suka mai da sufaye manoman inabi a Turai. A shekara ta 1098 Waliyi Robat na Molem ya kafa gidan sufaye a Sito, cikin yankin Burgundi a Faransa. Suna bin ƙa'idar Waliyi Benedikt, wadda ta haɗa addu'a da aikin hannu. Tun farkon ƙarni na 12 masu ƙasa suka riƙa ba su filaye a ƙauyen Vujo, ba nisa da gidansu. Suka haɗa filayen sannu a hankali, har aka gama kewaye gonar da ganuwar dutse a 1336. Faɗinta kimanin hekta 50 ne. A 1551 aka gina fada a jikin tsohon ma'ajinsu.

Ga yadda aikin yake. Akan datse rassan kuringa da sanyi, a tsinke 'ya'yan da kaka, a murƙushe su cikin manyan randunan katako. Yisti yakan juya zaƙin ya zama giya. Daga nan a matse, a zuba cikin gangunan itace, a jira. Manyan matatsu huɗu na katako suna nan har yau. Sufayen sun lura cewa gangaren sama mai tsakuwa da na ƙasa mai laka ba su ba da ɗanɗano ɗaya, kamar yadda muka san bambancin jigawa da fadama.

A lokacin juyin juya halin Faransa gwamnati ta ƙwace gonar, aka sayar da ita a 1791. Yau masu ita sun kai wajen 80, amma ganuwar tana tsaye.

Mene ne darasinmu? Wanda ya dasa kuringar farko bai ga ganuwar ba, domin aikin ya ɗauki fiye da shekara 200. Mu kuwa sau da yawa mukan gajiyar da gona da noman shekara guda, mu sare itatuwa, mu hana ta taki. Bari mu tambayi kanmu: wace irin ƙasa za mu bar wa jikokinmu? Idan muka ga ƙoƙon a bagade, mu tuna da gumin manomi, mu roƙi Ubangiji ya ba mu irin wannan haƙuri. Amin.