Darasi: Abin da bango yake faɗa da abin da ke cikin ɗaki

Duk wanda ya taɓa shiga birni a lokacin zaɓe ya san yadda bango yake cika da rubutu. Ga sunan ɗan takara, ga alamar jam'iyya, ga alkawarin ruwa da hanya. Mukan karanta mu wuce, mu ɗauka cewa abin da ke jikin bango shi ne ra'ayin mutanen gidan. A wannan darasi za mu duba abin da ya faru a wata unguwa ta ƙasar Kenya, mu ga ko haka abin yake kullum.

Sunan unguwar Kibera, a birnin Nairobi. Unguwar talakawa ce mai cunkoso. Ƙidayar 2009 ta sami mutum wajen 170,000 a cikinta. Yawancin iyalai suna haya ne a ɗaki guda na laka da rufin kwano, suna sayen ruwa da jarka, gidaje da yawa kuma suna amfani da bayan gida ɗaya. Kabilu dabam dabam ne suke zaune ƙofa da ƙofa: Luo, Luhya, Kikuyu, Kamba, da Nubawa waɗanda kakanninsu sojojin Turawan Ingila ne da suka fara zama a wurin. Layin dogo mai zuwa Uganda ya ratsa ta tsakiyar unguwar.

An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 27 ga Disamba 2007. Da aka sanar cewa Mwai Kibaki, ɗan kabilar Kikuyu, ya ka da Raila Odinga, ɗan kabilar Luo, sai rikici ya ɓarke. Fiye da mutum 1,100 suka mutu a faɗin ƙasar, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. A Kibera, inda Odinga yake da goyon baya sosai, an ƙone kasuwar Toi, an kuma tumɓuke ƙarafan layin dogo. Kirarin da matasa suke yi a titi, suna kuma rubuta shi a bango, shi ne cewa in ba Raila, ba zaman lafiya.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Masu shaguna sun lura cewa masu wawaso sukan tsallake ƙofar da ke ɗauke da sunan jam'iyyar Odinga, wato ODM. Don haka wasu suka rubuta sunan a ƙofarsu. Shin dukansu magoya baya ne? Mai kanti da ke da buhun masara biyu da 'ya'ya huɗu ba siyasa ce take gabansa a daren nan ba. Rubutun ya zama masa kamar kwaɗon kulle ƙofa. Baƙon da ya bi ta layin zai ce unguwar gaba ɗaya bakinta ɗaya ne. Amma a bayan ƙofofin akwai matar da mijinta ɗan wata kabila ne, akwai mai haya da ke bin maƙwabcinsa bashin ruwa, akwai wanda ya ɓoye yaran maƙwabta a ƙarƙashin gado. Bango bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wani mai zane a unguwar, Solomon Muyundo, wanda aka fi sani da Solo 7, ya gane cewa mutane suna kula da abin da aka rubuta. Yana cikin ƙungiyar masu zane da rubuta allunan shaguna da ake kira Maasai Mbili. Sai ya ɗauki farin fenti da buroshi ya shiga rubuta kiran salama a bango, a ƙofofi, a kan duwatsu, har a kan kwalta. Wanda ya fi shahara a cikin rubutunsa ya kwaikwayi sanarwar 'yan sanda ce ta neman mai laifi a raye ko a mace. Shi kuwa ya ce salama ake nema, kuma a raye ake son ta.

Kada mu ƙara wa labarin gishiri. Ba fenti ne ya tsai da rikicin ba. Yarjejeniyar da Kofi Annan ya shiga tsakani aka sa wa hannu ranar 28 ga Fabrairu 2008 ita ce ta kwantar da ƙurar. Abin da Solo 7 ya yi ƙarami ne, amma a ganinmu ba abin rainawa ba ne. Ya fito da maganar da mutane da yawa suke yi a cikin ɗaki da murya ƙasa ƙasa, ya sa ta a inda kowa zai gani. Wanda ya gaji da faɗa ya gane cewa ba shi kaɗai ba ne.

A farkon 2009 wani mai ɗaukar hoto daga Faransa da ake kira JR ya yi wani aiki da mazauna unguwar. Shi bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Ya ɗauki hotunan matan Kibera, aka buga idanunsu da fuskokinsu ƙatta-ƙatta a kan leda mai kauri, aka shimfiɗa a kan rufin gidaje, faɗin murabba'in mita 2,000. An kuma manna idanun wasu a jikin jirgin ƙasa, aka kafa sauran fuskar a gangaren da ke ƙasa da layin dogo, ta yadda in jirgi ya zo wucewa sai fuskar ta cika na ɗan lokaci. Matan da suka ɗebo ruwa suka ciyar da yara a cikin rikici, waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu a bango ba, su ne suka hau rufi. Ledar ma ba ta shan ruwa, don haka ta tare wa masu ɗakunan yoyo da damina. Wannan tunani ya burge mu fiye da girman hotunan.

Tambayoyi domin tattaunawa

Bari a zauna ƙungiya ƙungiya, mata da matasa su ma su sami bakin magana.

1. Waɗanne rubuce-rubuce muke gani a bangon garinmu, a kasuwa, ko a jikin motoci? Wa ya rubuta su, wa kuma ya biya kuɗin fentin?
2. Mai kantin da ya rubuta sunan jam'iyyar da ba tasa ba don ya tsirar da iyalinsa, me za mu ce game da shi?
3. 'Ya'yanmu da suke zama a birni, me suke gaya mana game da maƙwabtansu na wata kabila ko wani addini? Ya yi daidai da abin da muke ji a kirarin siyasa?
4. Da za a ba mu bango ɗaya kafin zaɓe mai zuwa, me za mu sa a jikinsa, fuskar wa kuma za mu zana? Izinin wa ya kamata mu fara nema?