Gargaɗi A Kan Gamin-Gambizar Magungunan Ciwon Sukari

Zagayowar 14 ga Nuwamba, ranar da duniya ta keɓe domin ciwon sukari, ita ta wajabta mana yi wa jama'ar ƙasar Sarkin Sudan nasiha, daga birnin Kontagora har Rijau da Mariga, a kan wata musiba da gafala ke jawowa, wato faɗuwar sukari.

Misalin sukarin da ke cikin jini kamar hatsi ne a rumbu, maigida ya yi wa uwargida izini ta ɗebi na tuwon dare, amarya ta zo ba ta sani ba ta ɗiba, ƙanwar miji ma ta ɗiba, kowaccensu da niyyar alheri, sai gari ya waye rumbu wayam. To haka al'amarin mutumin da likita ya ɗora bisa ƙwayar glibenclamide ko allurar insulin, sa'an nan ya biya kemis ya sayi Septrin saboda tari, aka ba shi kwinin saboda zazzaɓi, ya ƙara da jiƙon shuwaka da maƙwabci ya yaba masa, alhali duk sukari suke zaftarewa. Da zarar awo ya yi ƙasa da 70, sai gumi da makyarkyata da ruɗewa, daga nan sai suma. Abin takaici, maimakon a ba shi sukari cokali uku a ruwa tun yana iya haɗiya, sai a ce iska ce, a tsaya turare har lokaci ya ƙure. Wannan jahilci ne, ba tawakkali ba! Wanda ya riga ya suma kuwa kada a ɗura masa kome, a garzaya da shi asibiti.

Mai shan propranolol domin hawan jini ya ƙara hattara, don maganin yakan ɓoye bugun zuciyar da ke yi wa mutum ishara da faɗuwar sukari. Mai azumi kuma ya tuna shari'a ta yi wa majinyaci rangwame.

Sauran a taƙaice: dexamethasone da ake sha don ƙiba yana hau da sukari, metformin kuwa ba ya jituwa da raunin ƙoda.

Jama'a, ku tattara duk abin da kuke sha, na Bature da na gargajiya, a leda guda, ku kai Babban Asibitin Kontagora likita ya gani da idonsa.