Wa Ya Cancanci Gadon Sarautar Skyrim?

'Yan uwana ɗalibai, hutun da ya wuce na ƙarar da shi ne a kan Skyrim, wasan kwamfutar da kamfanin Bethesda ya fitar a 2011. Na shiga ne don in yi ta saran dodanni, sai ga ni ina rigima da kaina a kan tambaya ɗaya: idan sarki ya mutu, me ke ba mutum haƙƙin hawa gado?

Ga yadda abin yake. Ƙasar Skyrim yanki tara ce, kowane yanki da sarkinsa, wanda ake kira Jarl, sannan akwai Babban Sarki a samansu. Ana cikin haka Ulfric, sarkin Windhelm, ya je fadar Solitude ya ƙalubalanci Babban Sarki Torygg su gwabza gaba da gaba, bisa tsohuwar al'adar ƙasar. Torygg ya amsa, Ulfric ya kashe shi. Torygg bai bar magaji ba. Daga nan masu da'awa suka rabu, kuma na lura da hujja iri uku.

Ta farko ita ce ƙarfi. Mutanen Ulfric suna cewa al'ada ta yarda da wannan karo, wanda ya yi nasara shi ya fi cancanta. Abokan gabansa kuwa suna cewa kisan gilla ne, tunda ya yi amfani da wata tsawa ta sihiri wadda Torygg ba shi da ita. Ranar da ka fara shiga Solitude za ka tarar ana fille kan Roggvir, mai gadin da ya buɗe wa Ulfric ƙofa ya tsere. Laifinsa ya danganta ne da wace fassarar ka ɗauka.

Ta biyu ita ce kusanci da marigayi. Elisif, matar Torygg, ta gaji kujerar Solitude, kuma Daular da ke mulkin ƙasar tana bayanta. Matsalarta ita ce kowa ya san sojojin Janar Tullius ne ke riƙe da ita, ga kuma yarjejeniyar da Daular ta sa wa hannu wadda ta hana mutanen Skyrim bautar Talos. Wannan haushin ne ke kai wa Ulfric mayaƙa.

Ta uku ita ce alama. Ɓangarorin biyu suna rige-rigen tono wani tsohon kambi na haƙoran dodanni daga kufan Korvanjund, wai duk wanda ya riƙe shi jama'a za su fi ganin girmansa.

To, a ina doka take? Akwai majalisar masu zaɓen sarki da ake kira Moot, inda wakilan yankunan ke zama idan sarki ya mutu babu magaji. Littattafan cikin wasan sun nuna abin da ya faru a da, bayan mutuwar Sarki Borgas: majalisar ta kasa tsai da mutum ɗaya, aka shafe kusan shekara 50 ana yaƙin gado, ƙasar ta rasa yankunan da ta ci a waje. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ko ka taya Ulfric ya ci yaƙi, ba ya naɗa kansa. Cewa yake a jira majalisa. Amma fa kafin nan ya riga ya tuɓe sarakunan da ba sa yi da shi, ya sa nasa. Ka ga ke nan ko mai takobi yana buƙatar a ce zaɓensa aka yi, sai dai ya fara gyara masu zaɓen.

Wannan shi ne darasin da na ɗauka, kuma wallahi ya shafe mu. Lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai duk hankalinmu yana kan 'yan takara da fastocinsu. Mu nawa ne ke tambayar wa ya kafa kwamitin zaɓe, ko me kundin tsarin ƙungiya ya ce idan shugaba ya sauka kafin wa'adinsa? Ni dai ban taɓa karanta namu ba sai bayan wannan wasan. Ku nemi kwafi a ofishin ƙungiya ku duba tun kafin a buga gangar siyasa.