Amsa ga Mai Kukan Haƙar Ma'adinai a No Man's Sky

Ya ɗan'uwa, haƙiƙa kukanka yana bisa hujja, domin wanda ya shiga wannan wasa na kamfanin Hello Games da nufin shawagi tsakanin taurari bai kamata ya ƙare zamaninsa yana fasa duwatsu ba. Shawarata, da zarar ka mallaki na'urar binciken ƙasa, ka nemi inda ma'adini ya taru, ka kafa injin haƙa, ka ja masa wuta daga faifan hasken rana, da batura saboda dare, sa'an nan ka haɗa shi da rumbun ajiya, wanda zai riƙa cika ko ka kashe wasan. Sauran buƙatu ka saya a tashoshin sararin samaniya. In gajiya ta tsananta kuwa, tun 2022 aka ba da ikon sassauta tsadar ƙere-ƙere, kuma babu aibi a yin haka.