Babur ɗin Tsere da Ɗan Koyo: Abin da Jikin Mutum Yake Iyawa

A ƙasar Birnin Gwari babur shi ne jakin zamani. Da shi manomi yake ɗauko buhun masara daga Randagi ko Kuyello, da shi ake kai mai naƙuda asibiti ta hanyoyin da suka ratsa gefen dajin Kamuku. Akasarin waɗannan babura ƙanana ne, irin su Bajaj Boxer, wanda ƙarfin injinsa bai wuce na dawaki takwas ba. Amma akwai wani babur da samari suke gani a titunan Kaduna da Abuja yana burge su, watau babur ɗin tsere, mai ƙara kamar tsawa. Shin irin wannan ya dace da wanda yanzu yake koyon tuƙi?

Amsar tana cikin jikin mahayin fiye da cikin injin. Idan saniya ta faɗo hanya ba zato, sai ido ya aika saƙo zuwa ƙeyar ƙwaƙwalwa, inda ake fassara abin da aka gani. Daga nan ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, saƙo ya sauko ta laka zuwa tsokokin hannu da ƙafa, sannan a kama birki. Jijiyoyin saƙo suna da sauri ƙwarai, wasu suna kai mita 120 a daƙiƙa guda, amma gane haɗarin da yanke shawarar su ne suke cin lokaci. Masu binciken haɗarin hanya sukan ƙiyasta daƙiƙa ɗaya da rabi ga abin da ya zo ba shiri.

To, a duba lissafin. Mai gudun kilomita 40 a sa'a yana shafe mita 11 kowace daƙiƙa, don haka zai ci mita 17 kafin ya taɓa birki, sannan kimanin mita 9 kafin ya tsaya a kan kwalta mai kyau. Mai gudun kilomita 120 kuwa zai ci mita 50 bai ma taɓa birki ba, sai kuma wasu mita 80 bayan ya kama. Jimla mita 130, watau fiye da tsawon filin ƙwallo. A lura, gudun ya ninka sau uku ne kawai, amma nisan birkin ya ninka sau tara, domin ƙarfin da ke tattare da abu mai motsi yana ƙaruwa ne gwargwadon gudu sau gudu. Karo a gudun 40 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 6. A gudun 120 kuwa, kamar faɗowa ne daga mita 57.

Wani zai ce ai ɗan koyo yana iya tafiya a hankali ko da babur ɗin mai ƙarfi ne. Nan ne gizo yake saƙar. Babur irin Honda CBR600RR yana da ƙarfin dawaki fiye da 100, kuma yana kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu. Ƙwarewar hannu wajen murɗa totur da sakin kuloci tana zama ne a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke can ƙasan ƙeya, kuma ba ta samuwa sai da maimaici mai yawa. Kafin ta samu, razana ce take mulki. Wanda ya firgita yakan damƙe abin da ke hannunsa, idan kuwa babur ya fizga, jikinsa ya ja baya, sai hannun ya ƙara murɗe totur ba da saninsa ba. A kan ƙaramin babur wannan kuskure yakan ƙare da ƙujewar gwiwa. A kan na tsere yakan ɗaga tayar gaba sama, ko ya cilla mutum jikin bishiya. Bugu da ƙari, sashen goshi na ƙwaƙwalwa, mai auna haɗari da danne zumuɗi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Saboda irin wannan ne dokar Tarayyar Turai, tun 2013, ta kasa lasisin babur mataki-mataki: ɗan shekara 16 ba ya wuce ƙaramin babur, kuma manyan sai an kai 24, ko an yi shekara biyu a kan matsakaici.

Hanyar ma ba tasa ba ce. An ƙera shi ne don shimfiɗaɗɗiyar kwalta: cikinsa yana kusa da ƙasa, tayoyinsa kusan sumul, mahayin kuma a duƙe yake, bai cika hango nesa ba. Yashi da marmara da taɓon damina, waɗanda su ne hanyoyin ƙauyukan Birnin Gwari, suna rage kamun taya sosai, birkin gaba mai kaifi kuwa nan da nan yake zamar da ita.

Wanda ya bugu a ka a can, sai an yi tafiyar fiye da kilomita 100 ta Buruku kafin a isa Kaduna, wani lokaci ma sai an wuce da shi asibitin koyarwa na Shika. Ƙwaƙwalwa laushi gare ta kamar awara, idan ta bugi ƙoƙon kai ta kumbura ba ta da wurin buɗawa. Nazarin da masana suka tattara a 2008 ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta a Janairun 2009. Sai dai hular ba ta hana karyewar ƙashin baya.

Saboda haka babur ɗin tsere bai dace da ɗan koyo ba. Abin da ya dace da shi ƙaramin babur ne wanda ƙafafunsa biyu suke taka ƙasa idan ya zauna a kai, da fili babu jama'a inda zai yi ta gwada birkin gaba da na baya tare, a gudun kilomita 20, har hannun ya riƙa yi ba sai ya yi tunani ba.