Sabo Turken Wawa: Darasi Daga Kwalbar Maganin Toshewar Hanci

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci shaye-shaye a tsakaninmu ɗalibai, abin da kan zo a rai shi ne wiwi da kodin da tiramol, wato abubuwan da ke gusar da hankali. Wannan maƙala kuwa za ta dubi wani magani da ba ya sa maye ko kaɗan, ana kuma sayar da shi a kusan kowane kemis, amma yana iya ɗaure mutum har ya kasa barci sai da shi. Ina nufin maganin da ake ɗigawa ko fesawa a hanci idan mura ta toshe shi. Na san wannan ne domin ni kaina ya taɓa ɗaure ni.

Yadda Abin Ya Faro

Ni ɗan Kagoro ne, a Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna. Wanda ya taɓa yin hunturu a gindin duwatsun garinmu ya san irin sanyi da ƙurar da ke sauka daga watan Disamba zuwa Janairu, daidai lokacin Kirsimeti da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. A hunturun 2023 na koma gida hutu, mura ta kama ni, hancina ya toshe har ban iya rera waƙa tare da ƙungiyar mawaƙan majami'armu ba. Sai na shiga wani kemis, aka ba ni 'yar kwalba mai ɗauke da sinadarin xylometazoline. Ban kai gida ba hancin ya buɗe sarai.

Murar ta warke cikin mako guda, amma toshewar ta ƙi tafiya. Da farko sau biyu nake ɗigawa a rana, daga baya ya koma sau biyar ko shida. Kwalba ɗaya tana ƙarƙashin matashina, ɗaya tana aljihuna har cikin aji. Na yi kusan wata huɗu a haka, ina zargin ƙurar gari, alhali kuwa hunturu ya daɗe da wucewa.

Yadda Maganin Yake Aiki

Mutane da yawa suna zaton majina ce kaɗai ke toshe hanci. Gaskiyar ita ce, fatar cikin hanci cike take da ƙananan jijiyoyin jini, kuma idan mura ta shiga sai su kumbura su rage hanyar iska. Sinadarai irin su xylometazoline, wanda ke cikin Otrivin, da oxymetazoline suna sa jijiyoyin su tsuke cikin 'yan mintuna, sai numfashi ya samu. To amma idan aka jera kwanaki ana amfani da su, da zarar ƙarfinsu ya sake sai kumburin ya dawo, sau da yawa fiye da na farko. Mai shi sai ya ƙara ɗigawa, tazarar tana raguwa, har maganin ya zama shi ne ke haddasa ciwon da ake neman sa dominsa. Likitoci suna kiran wannan yanayi da sunan Latin, rhinitis medicamentosa. Shi ya sa takardar cikin kwali take iyakance amfani da shi zuwa kwana 3 a wasu ƙasashe, a wasu kuma bai wuce 7 ba. Ni ban taɓa warware takardar ba.

Akwai kuma dangin wannan magani da ake haɗiya, irin su pseudoephedrine da ke cikin wasu ƙwayoyin mura. Shi yana iya hana barci, ya sa bugun zuciya, ya kuma ɗaga hawan jini, sannan masu laifi suna sarrafa shi su yi muguwar ƙwayar nan methamphetamine. Saboda haka ne Amurka ta taƙaita sayar da shi tun daga 2006. A 2021 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a kan masu neman maye da wani abin shaƙa na hanci mai sinadarin propylhexedrine, domin yin hakan na iya lahanta zuciya har ya kai ga rasa rai.

Maye, Jaraba da Sabo

A nan ne nake ganin batun ya shafe mu a matsayinmu na masu nazarin harshe. Kalmar maye tana nufin gushewar hankali ko sauyawarsa. Jaraba kuwa ita ce kwaɗayin abu wanda zuciya ta kasa haƙuri da shi ko da yana cutarwa. Shi kuma sabo ya fi su faɗi, domin jiki ma yana iya sabawa da abu ba tare da hankali ya gushe ba. Abin da ɗigon hanci yake haifarwa ya fi kusa da sabo na jiki, ko da yake fargabar kwana babu kwalbar takan sa ya yi kama da jaraba.

Matsalar ita ce, yawancin faɗakarwar da ake yi da Hausa a kan "kayan maye" ake gina ta. Haka aka yi a 2018, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani rahoton bincike na BBC. Wannan yaƙi ne da ya dace, sai dai mai sauraro yana iya fahimtar cewa duk abin da ba ya bugarwa ba shi da haɗari. Da a ce an tambaye ni a lokacin ko ina ta'ammali da kayan maye, da na rantse ban taɓa ba, kuma da na yi gaskiya, alhali ina ɗaure a turke.

Yadda Na Rabu da Shi

Wata 'yar'uwar mahaifiyata, ma'aikaciyar jinya a Kafanchan, ita ce ta gan ni ina ɗigawa sau biyu kafin mu gama cin tuwo. Ta tambaye ni, "Ɗana, tun yaushe kake wannan?" Na ce, "Mama, tun Kirsimeti." Sai ta riƙe baki ta ce, "Ai murarka ta warke tuntuni, kwalbar nan ce ciwonka."

Ta tura ni wurin likita, shi kuma ya duba hancin ya tabbatar babu wata cuta a ɓoye. Ya ce in daina sa wa kafar hanci ɗaya, in bar ta ta warke kafin in daina ɗayar, in riƙa wanke hanci da ruwan gishiri na asibiti, ya kuma rubuta mini wani maganin fesawa mai rage kumburi a hankali. Daren farko da buɗaɗɗen baki na kwana, maƙogwaro a bushe. Kafin mako biyu ya cika na koma numfashi da kaina.

Kammalawa

Maganin toshewar hanci yana da amfani idan an tsaya a kan ƙa'idarsa. Mai amfani da shi ya karanta takardar kwali, ya lissafa kwanaki, idan toshewar ta wuce mako guda ya nemi likita. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mace mai ciki, su yi tambaya kafin su saya. Kada a ɗiga wa yaro na manya, a kuma ajiye kwalbar nesa da yara, domin haɗiyar ko kaɗan daga ruwanta na iya kai ƙaramin yaro gadon asibiti.

Mu kuma ɗaliban Hausa, da yawanmu za mu zama masu fassara da ma'aikatan rediyo da malamai. Ina ba da shawarar idan aka ba mu fassarar gargaɗin irin wannan magani, mu guji kalmar maye inda babu maye, mu faɗa wa mai karatu a sarari cewa jiki yana sabawa da shi, kuma wuce kwanakin da aka ƙayyade yana dawo da toshewar. Takardar da ke cikin kwalin da na saya da Turanci take, kuma yawancin tsofaffin da ke sayen wannan kwalba a kemis ɗin garinmu da Hausa za a yi musu bayani su gane.